Neman shawara: 'Yata tana haddace kalmomin Turanci amma ba sa zama

Tambaya daga wata uwa a Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. 'Yata shekararta 6, tana aji ɗaya na firamare. Kowace Litinin malamarsu takan ba su kalmomin Turanci 10, ranar Juma'a kuma ta yi musu shifta. Mukan yi bitarsu kowane dare har ta haddace, takan ci 8 ko 9, amma bayan mako guda sai ka ce ba ta taɓa ganinsu ba. Jiya come ta rubuta shi "kam", pan kuma "fan". A gida Hausa muke yi, da ƙawayenta Twi, da yamma kuma tana zuwa makarantar allo. Maigida yana ganin yawan harsunan ne ya rikita ta, har ya ce mu daina yi mata Hausa, ni kuwa hankalina bai kwanta da haka ba. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa daga wata malamar ƙananan azuzuwa a Aboabo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin yarinyar da ta rubuta "kam" kunnenta lafiya lau yake, abin da ta ji ne ta rubuta. Matsalar tana ga Turancin kansa: haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai kusan 44, shi ya sa harafin a yake fita daban a cat, daban a cake, daban kuma a car, alhali a rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa.

Shawarata ita ce ki fara mata da sautin harafi kafin sunansa. Tsarin Jolly Phonics, wanda makarantu da dama a Ghana suke bi, yana farawa ne da s, a, t, i, p, n, saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa sat, pin, tap, sit, tin da pan. Ki rubuta kowane harafi a cikin marfin kwalba, ki faɗi kalmar a hankali, ita kuma ta jera marafan da hannunta. Idan ta iya sat, ki cire s ki sa p, ki bar ta ta gano da kanta cewa kalmar ta zama pat. Minti 10 a rana ya wadatar, kuma ni na fi son a yi shi kafin magariba, lokacin da barci bai fara ɗibarta ba.

Akwai kuma kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su the, said, one, was da come ɗin nan da ya ba ta wahala. Waɗannan sai an saba da kamanninsu, don haka ki riƙa ɗaukar biyu ko uku a mako kina liƙa su a jikin ƙofa.

Batun pan da fan kuwa gadonmu ne, domin a Hausa ba mu bambanta p da f. Ki nuna mata a madubi cewa wajen f haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, wajen p kuwa leɓɓa suna rufewa sannan iska ta fito da ƙarfi. Haka za ki yi da van da ban.

Amsa daga wani malamin allo a Alabar

Hajiya, abin da Malama ta faɗa shi ne tsarinmu tun kaka da kakanni. Yaro yakan haddace gajerun surori da ka tun bai san harafi ba, amma ba ma cewa ya iya karatu sai ya bi ta babbaƙu ya gane haruffa, sannan ya shiga farfaru ya iya haɗa su da wasula. 'Yarki hadda take yi ba tare da babbaƙu ba. Kada a cire ta daga allo saboda wannan.

Amsa daga wani uba a Nima, Accra

Ina roƙon a isar wa Maigida cewa kada ya hana ta Hausa. Yaron da ya san "kofi", "shinkafa" da "ruwan sama" a harshen uwarsa, suna kawai zai ƙara musu idan aka ce cup, rice da rain. Sai dai ina ɗan saɓa wa Malama a kan abu ɗaya: kada a tsaya a sauti kawai har a manta da ma'ana. Na ga yara suna karanta tap sarai ba su san famfo ake nufi ba. Idan kun je kasuwar Kejetia, ki nuna mata egg, fish, yam da soap a zahiri, ku dawo gida ta zana su ta rubuta sunan a ƙasa.

Mai tambaya ta dawo

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Maigida amsoshinku, ya amince mu ci gaba da Hausa a gida, kuma shi da kansa ya ce zai tattaro marafan kwalba daga shagonsa. Malama, saura tambaya ɗaya: kalmomi 10 na wannan makon, in ci gaba da yi mata bitarsu duka saboda shiftar Juma'a, ko in ware waɗanda suke bin sauti mu fara da su?