Na faɗi sau biyu a yashin mayo, yanzu ko hango yashi na yi sai gabana ya faɗi

Ɗan Hausare, Garwa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka daɗe suna hawa babur a daji.

A Garwa ta ƙasar Kamaru nake zaune, unguwar Hausare. Shekara 4 ke nan ina hawa Boxer a cikin gari, daga gida zuwa babbar kasuwa, zuwa Yelwa, ranar Lahadi kuma in tafi kasuwar Pitowa. Duk a kan kwalta ne, kuma ban taɓa kai gwiwa ƙasa ba. Bana sai kawuna da nake yi wa aiki ya ce ni zan riƙa shiga ƙauyukan wajen Bibemi ina duba albasa tun tana gona, mu yi ciniki kafin a turo mota. Ya sayo mini Yamaha DT125 na hannu, ya ce shi ne zai iya da hanyar.

Ran da na fara fita na isa wani mayo, wato rafi, da ya bushe, yashi zalla, faɗinsa bai fi taku 40 ba. Ina shiga sai kan babur ya fara rawa a hannuna, dama da hagu. Na saki totur, na damƙi birkin gaba, sai ga ni a ƙasa, babur a kan ƙafata, ƙarfe mai zafi ya ƙona mini ƙwauri. Bayan kwana 6 na koma. A bakin fita daga yashin akwai wani dutse, na gan shi tun daga nesa, ina ta cewa a raina kada in taka shi, kuma shi ɗin na je na daka.

Tun daga nan na rasa natsuwa. Ina hango yashi sai hannuwana su sandare, in sauka in tura babur cikin rana, dattawan ƙauye suna wuce ni da buhu biyu a bayan ƙananan baburansu. Ban gaya wa kawu ba, don amana ya ba ni kuma ba na so ya ga kamar ya yi zaɓen tumun dare. Ina son aikin nan ƙwarai. Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ta ina ya fara har zuciyarsa ta dawo?

Baba Bakanike, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba ka lafiyar ƙafa.

Ni garejina ba shi da nisa da Mayo Kaliyawo, wanda in rani ya yi yashi ne kawai ya ratsa tsakiyar gari, don haka abin da ya same ka na sha ganinsa. Ba ragonta ba ce. Hannunka ya saba da kwalta, kuma abin da ke cetonka a kwalta shi ke kayar da kai a yashi.

Ka fahimci abin da ya faru tukuna, rabin tsoron zai tafi. Duk lokacin da ka saki totur ko ka taɓa birki, nauyin babur da naka gaba ɗaya gaba yake komawa. A kwalta wannan alheri ne, tayar gaba ta ƙara kama ƙasa. A yashi kuwa nutsewa take yi kamar garma, ta karkace, ta jefar da kai. In totur yana buɗe, nauyi baya yake komawa, tayar gaba ta yi sauƙi ta riƙa bin saman yashin. Rawar da kan babur ya yi maka ba alamar faɗuwa ba ce, haka yake yi wa kowa, hanya yake nema. In ka sassauta hannu ka bar shi, da kansa zai miƙe. Riƙon gaske da gwiwa ake yi, ka matse tanki, hannu kuma kamar ka riƙe ƙwai.

Sannan ka san dabbar da aka ba ka. Tayar gaban DT inci 21 ce, ta Boxer 17, shi ya sa DT ya fi haye rami da dutse, amma ya fi tsawo, ƙafarka ba ta samun ƙasa yadda ka saba. Injinsa kuma irin mai cin fetur da baƙin mai tare ne. In injin yana ƙasa-ƙasa ba shi da ƙarfi sosai, in juyinsa ya hau sama kuma sai ya fizga lokaci guda. Wanda ya taso daga Boxer wannan fizgar ce ke razana shi, sai ya saki totur a daidai inda bai kamata ba. Maganinta kuloci. Yatsu biyu su zauna a kansa kullum. In ya fizga ka ɗan ja kuloci, kada ka kashe totur.

Ga abin da nake sa yarana su yi. Kwana 3 na farko kada ka je kusa da yashi. Nemi fili mai tauri inda babu mutane, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Ka aje duwatsu biyu, tsakaninsu taku 10, ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta lamba 8, a giya ta ɗaya, a hankali iyakar iyawarka, ba tare da ka sa ƙafa ƙasa ba. In ka iya wannan a zaune, ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa ka sake. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe. Da farko za ka ji kamar wasan yara ne, ka daure. Bayan nan ka sauka bakin Binuwai, yanzu ruwa ya ja akwai yashi iya ganinka. Ka zaɓi inda yashin bai fi taku 5 ba kuma ƙasa mai tauri na jiranka a ɗaya gefen. Giya ta biyu tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya kaɗan, totur a tsaye wuri guda, ido a kan wurin fita. Ka haye shi sau 20 kafin ka nemi wanda ya fi shi faɗi.

Batun dutsen nan kuwa, babur inda ido ya kalla nan yake zuwa. Ka gan shi sau ɗaya ya isa, sai ka mai da ido kan hanyar da ke gefensa.

Mai Kilando, Kusuri

Yaya sannu da jiki. Ni dai a ganina maganar ba ta kai tsawon haka ba. Mu nan kullum cikin yashi muke da fasinja da kaya, wani lokaci har mu haye gada zuwa Njamena mu dawo. Yashi gudu yake so. Ka taho da ƙarfinka tun daga nesa, ka murɗa totur, kafin ka yi tunani ka fita. Tunanin ne ke kayar da mutum. Kuma ka sa mai faci ya rage maka iskar taya, za ka ga bambanci nan take.

Baba Bakanike, Marwa

Ɗana na Kusuri, akwai gaskiya a maganarka, amma kai hannunka ya riga ya faɗa. Wanda jikinsa ke sandarewa in ka ce ya taho da gudu, a tsakiyar yashin zai saki totur kamar yadda ya yi da farko, sai dai wannan karon faɗuwar da karaya za ta zo. Abin da yashi ke so shi ne kada ƙarfin injin ya yanke. Gudu daga baya yake zuwa.

Rage iska kuma yana taimako, taya na ƙara faɗi a ƙasa. Amma kaɗan za a rage. In ta yi laushi da yawa, dutse ɗaya zai matse tib da bakin ƙarfe ya fasa shi, ko taya ta zame a kan ƙarfen ta tsinke bakin tib ɗin, a bar mutum a daji. In zai rage, ya tafi da ƙaramin famfo, ya mayar da iskar kafin ya hau kwalta.

Malamar Asibiti, Gidar

Ƙanena, na karanta saƙonka sau biyu, don kamar labarina ka rubuta. Ni aikin rigakafi ke kai ni ƙauyuka, da Yamaha AG200, akwatin sanyi ɗaure a baya. Watan farko na faɗi a gaban mata da yaran da na je yi wa allura. Kunyar ta fi ciwon daɗewa a jikina.

Baba ya gama maganar tuƙi, ni ta zuciya zan yi. Da na zauna na tambayi kaina me nake tsoro, sai na ga ba faɗuwar ba ce. Tsorona shi ne in faɗi ni kaɗai, babur ya danne ni ko in kasa ta da shi. To sai na sa ƙanin maigidana ya kwantar mini da shi a tsakar gida, a kan tsohuwar tabarma. Ya koya mini in kashe injin, in bar shi a giya don kada ya gangara, in juya masa baya, in tsuguna in dafa mazaunin da ƙuguna, hannu ɗaya a kan babur ɗaya a ƙarfen baya, in tura da ƙafafu ba da gadon baya ba. Na yi ta yi har ya zama ba komai. Ran da na san zan iya ta da shi ni kaɗai, ran nan yashi ya daina ba ni tsoro kamar da.

Sai tufafi, kuma a nan ba na sassauci don ni ke wanke raunukan. Mafi yawan abin da ake kawo mana daga babur a daji ƙafa ce: yatsu, idon sawu, ƙunar salansa a ƙwauri. Kusan duka da silifa suka hau. Ka sayi takalmi mai rufe idon sawu ko da na gwanjo ne, da wando mai kauri, da safar hannu. Hular kwano kuma a ɗaure igiyarta, in ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai kafin ka kai ƙasa. Doguwar riga ka naɗe ta ka sa a jaka, in ka isa gona ka saka. Na ga wanda sarƙa ta kama masa bakin jallabiya. Za ka yi mamakin yadda jiki ke sakewa in ya san an kāre shi.

Kada ka manta da ruwan sha. Watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce maki 40, kuma mai ƙishirwa hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yawancin kurakuraina da rana tsaka na yi su, a hanyar dawowa.

Abu na ƙarshe, tunda aikin zai kai ka har damina. Mayon da ka sani a bushe, in an yi ruwa a kan duwatsu zai iya cika cikin ɗan lokaci ko da inda kake ba a yi ɗigo ba. In ka tarar yana gudu, ka jira tare da mutanen gari, su suka san lokacin da yake sauka. In ya kwanta ma, ka fara shiga da ƙafa ka ji zurfinsa da abin da ke ƙasa. Ruwa in ya kai inda injin ke shaƙar iska, ya kashe shi. Baƙar ƙasar da ake shuka masakwa kuma, in ta jiƙe manne wa taya take yi har ta daina juyawa. Wannan ba jarumta ke haye ta ba, kewaye ta ake yi.

Kuma ka gaya wa kawunka. Gara ya ji daga bakinka ka nemi mako biyu na koyo, da ya ji daga bakin wani an ɗauko ka a amalanke.

Ɗan Hausare, Garwa

Baba, Yaya Malama, da ɗan'uwana na Kusuri, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana 16 ne don ina so in dawo da abin faɗa.

Na fara da kawu, don shi ya fi yi mini nauyi. Bayan sallar isha'i na same shi na nuna masa tabon ƙwaurina. Bai yi faɗa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma yana da irinsa tun yana saurayi, ya ba ni kuɗin takalmi, ya ce wani yaronsa zai riƙe zuwa ƙauye har in shirya.

Lamba 8 ɗin nan ta ba ni wuya fiye da yadda na zata. Ranar farko ko zagaye biyu ban haɗa ba sai na sa ƙafa, injin kuma ya mutu mini ya fi sau 10. A rana ta huɗu ne na gane inda kuloci ke fara kamawa, wani ɗan wuri ne ƙanƙani, kuma daga nan babur ya daina fizgata. Ban bi kwana 3 da Baba ya ce ba, mako guda na yi a filin, don tsayuwa a kan matakan ta ƙi zama mini. Ta da babur daga ƙasa kuwa a zauren gidanmu na koya, ƙanena yana tsaye.

A bakin Binuwai na faɗi sau ɗaya, a hankali, kuma na san dalili tun kafin in kai ƙasa: na kalli tayar gaba. Na tashi, na ta da shi yadda Yaya Malama ta ce, na koma baya na sake shiga wurin nan take. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rawar kan babur. Har yanzu yana yi, amma da na matse tanki da gwiwa na sassauta hannu, sai na ji yana yi yana gyara kansa, ni ko ina tsaye a sama.

Shekaranjiya na koma mayon da ya kayar da ni, tare da yaron kawu a kan nasa babur. Na tsaya a baki, na sauka na taka shi da ƙafa har ɗaya gefen, na ga dutsen yana nan inda yake. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na zaɓi wata bishiyar aduwa da ke can bayan dutsen ta hannun dama, na sa giya ta biyu, na kafa mata ido. Na fita. Da dawowa ma na fita, sai dai na sa ƙafa sau ɗaya a tsakiya.

Abin da ya rage mini yanzu gangara ce. Akwai wata hanya mai tsakuwa da ke sauka cikin kwari kafin a kai gonakin, can har yanzu sauka nake yi in ja shi, don ina jin tsoron birkin gaba tun faɗuwar farko. Baba, yaya ake yi da birki a irin wannan wuri?

Baba Bakanike, Marwa

Madalla ɗana. Birkin gaba ba maƙiyinka ba ne, damƙar da ka yi masa ce ta kayar da kai. A gangara ka sa giya ta ɗaya tun daga sama, ka saki kuloci injin ya riƙe ka, ka miƙe ka ja jikinka baya sosai. Birkin baya a taka shi sannu, na gaba a matsa da yatsu biyu kamar ana tatsar lemo, kuma sai babur yana miƙe, ba a cikin kwana ba. In ka ji taya ta daina juyawa tana ja, ka ɗan saki ka sake kamawa. Ka fara gwadawa a filin nan naka, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kana tafiya kamar mai tafiya da ƙafa, har ka san daidai inda tayar gaba ke fara zamewa.

Kuma tunda ka yi mako biyu cikin ƙura, ka buɗe ka wanke soson iska, ka duba tankin baƙin mai kafin ka sake fita.