Tambaya kan rigakafin kansar limfoma, kaina ya kulle

Salam 'yan uwa, don Allah likitoci da 'yan lab ku taimaka min, semina zan gabatar kan rigakafin limfoma irin ta folikula, wata kansar ƙwayoyin B na garkuwar jiki, kuma akwai inda na maƙale.

Abin da na gane shi ne wannan ba rigakafin hana kamuwa ba ne, wanda ya riga ya kamu ake yi wa. Ana ciro wani furotin da ke jikin ƙwayoyin kansar mutumin shi kaɗai, idiyotaif, a haɗa shi da KLH (furotin daga wani dodon koɗi na teku), a yi allurar tare da GM-CSF (sinadari mai zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki) don garkuwar jiki ta farka ta gane kansar. A gwajin ɗaya daga cikin irin wannan rigakafin, BiovaxID, da aka fitar a 2011 waɗanda suka samu rigakafin sun yi kusan wata 44 cutar ba ta dawo ba, sauran kusan wata 31. Amma wasu rigakafin biyu irinsa, MyVax da FavId, duk ba su yi nasara ba.

To ga matsalar, rituximab, wani magani da ake ba masu limfoma, yana share ƙwayoyin B ne gaba ɗaya masu alamar CD20 a jikinsu, masu lafiya da marasa lafiya, kuma su ne tushen antibodi (furotin da jiki ke yi don yaƙar cuta), to wanda aka ba shi rituximab kafin rigakafin da me jikinsa zai amsa? Ƙwayoyin T, wani rukunin ƙwayoyin garkuwar jiki, su kaɗai sun isa? Ni dai ina zargin abin da ya kayar da FavId ke nan tunda bayan rituximab aka yi shi, amma malamina ya ce in kawo hujja ba zato ba.

Wanda ya san yadda ake auna amsar ƙwayoyin T ɗin a irin wannan gwaji ya warware min don Allah, ranar Litinin ne seminar.