Kyautar Ɗan Kasuwa a Lokacin Biki: Musayar Baitoci

Malam Hamisu

Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami. Ga abin da za mu yi musaya a kai: mai kanti ko kamfani yana son tallafa wa ƙungiyoyin agaji na kusa da shi a lokacin bukukuwa. Ta ina zai fara, a ina kuma ake tuntuɓe? Kowa ya zaɓi amsa-amonsa.

Da sunan Mai bayarwa zan fara,
'Yan uwa ku matso mu yi shawara.

Biki ya ƙarato, kanti ya cika,
Babu ciniki irin nasa a shekara.

Mai kanti ya ce zai taimaki ƙungiya
Ta agaji a kusa, ya ɗaura ɗamara.

Ni dai kashedina guda ne tak:
Kar ya sayi komai sai ya saurara.

Sati 6 kafin ranar bikin
Ya taka ya same su, a zauna a tsara.

Ya tambaye su mutum nawa ke hannunsu,
Nawa ne tsofaffi, nawa ne yara,

Me ya yanke a sito, me ya yi yawa,
Me aka kawo bara har yau da saura,

Wa zai karɓi kayan, a wace rana,
Akwai wurin ajiya ko sai an gyara.

Sau da yawa abin da ke hana su barci
Haya ce da man mota, babu madogara.

Wanda ya kai abin da ba a nema ba
Ya zo rage nauyi, sai ga shi ya ƙara.

Hajiya Binta, ga alƙalami nan,
Ke kika san sito, kawo dabara.

Hajiya Binta

Na karɓa Malam, Allah ya saka,
Zancen sito kam ni zan ɗauka,
Don can ne ake yin kuka
In kaya sun zo ba a tace ba.

Wani zai share kantinsa sarai,
Abin da ya kwanta shi zai fitar kawai,
Ya kira shi kyauta, yana ɗaga kai,
Alhali shara ce da bai zubar ba.

Kwanan watan da ke jikin kwali
A karanta shi da ido da hankali,
A so ya rage wata 3, ga dalili:
Ba a sati guda ake gama rabo ba.

Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa,
Ko bakin murfinsa ya lotsa,
A ware shi gefe, kar a matsa,
Mai yiwuwa guba ce, ba abinci ba.

Dafaffe kuwa awa 2 ce iyaka
In an bar shi haka nan a ɗaka,
Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka,
Ba ra'ayina na kawo muku ba.

Na firji ya zauna ƙasa da digiri 5,
Mai zafi sama da 60 in za a bayar,
A tsakani ƙwayar cuta ke samun damar
Hayayyafa, ido kuwa bai gani ba.

In ƙungiyar ba ta da firji,
Kai mata busasshe, ɗan uwa ka ji,
Mai lalacewa ba ya zama agaji
In ya kwana a mota bai isa ba.

Kowane kwali a rubuta a bayansa
Abin da ke ciki da ranar ƙarewarsa,
Kilo 15 ya ishi nauyinsa,
Masu sa kai ne, ba 'yan dako ba.

A sito, wanda zai riga lalacewa
Shi ake sa gaba wajen jerawa,
Shi ne na farko ranar rabawa,
Ba wanda ya fi kyan kwali ba.

Abin wasan yara a duba shi da kirki,
Ɗan ƙasa da shekara 3 komai sai baki,
Ɗan maɓalli zai iya shaƙe shi ran biki,
Kar a ba shi wanda ba na shekarunsa ba.

Yaya Mudi, saura batun kuɗi,
Ka shigo, kai ba baƙon lissafi ba.

Alhaji Mudi

Ƙanwata, kin tace kaya da kyau,
Ni kuwa cewa zan yi kuɗi sun fi kaya.

Ba sa ruɓewa, ba sa cin wuri,
Ba sa neman mota ko ma'ajiya.

Ƙungiya ta san abin da ya yanke mata,
A farashin sari za ta je ta saya.

Mai yanke kaso a kan ciniki,
Nan ne aka fi karkatar da gaskiya.

"Wani abu daga riba za mu bayar",
Alkawari ne da ba a iya bibiya.

Kaso nawa? Na ciniki ko na riba?
Tsakanin biyun akwai doguwar tafiya.

Ɗauki ciniki na 1,000, ribarsa 100,
Kashi 5 cikin 100 aka yi yarjejeniya:

In na ciniki ne, 50 za a bayar,
In na riba ne, 5 kacal ke isa ƙungiya.

A rubuta ranar farawa da ta rufewa,
Da mafi ƙarancin da dole a biya,

Da iyakar sama in har an sa ta,
A manna a ƙofa, kar a ɓoye a baya.

In an cike iyaka ba a sauke tallan ba,
An yaudari mai saye, abin kunya.

A 1983 kamfanin American Express
Ya nuna yadda ake fayyace hanya:

Senti 1 duk sanda aka yi sayayya da katinsa,
Dala 1 kuma kan sabon kati ɗaya,

Don gyaran Mutum-mutumin 'Yanci na Amurka,
Dala miliyan 1.7 suka shiga ajiya.

Ƙaramin kanti ba shi da miliyan,
Amma faɗin adadi kowa zai iya.

Akwai kuma ragowar canji a wurin biya,
Mai saye ya ce a bar wa ƙungiya.

Wannan kuɗin jama'a ne, amana ce,
Kar a cuɗa shi da cinikin da aka juya.

In akwati ne, a kulle, a sa hatimi,
Mutum 2 su buɗe, su ƙirga da safiya,

Dukansu su sa hannu a kan adadin,
Mai ƙirga shi kaɗai ya gayyato hayaniya.

Mai karɓar kuɗi ya yi tayin sau guda,
In an ce a'a, nasa godiya.

Malama Rakiya

Baba Mudi, lissafinka ya fita,
Sai dai kafin kuɗin su fita,
Wa ake ba? Shi ne abin dubawa.

Biki kan fito da masu sojan gona,
Su ari tambari, su ɗan murɗa suna,
Su ce yau-yau, ba sa son dakatawa.

A nemi takardar rajista a gani,
A kai lambarta gun hukuma a sani,
Hoto a waya ba ya tabbatarwa.

Asusun banki ya zo da sunan ƙungiya,
In sunan mutum ne, a ja da baya,
Ko da kuwa shi ne mai kafawa.

A nemi rahoton kuɗinsu na bara,
Me ya shigo, me ya fita, me ya yi saura,
Mai gaskiya ba ya jin haushin nunawa.

Kar a raina su don suna biyan albashi,
Direba da akawu kowa na jiran nashi,
Agaji ba ya tafiya babu mai turawa.

Sai batun hoto, nan raina ke ƙuna:
A jera mabuƙata a tsakar rana,
Kowa da leda, kyamara na haskawa.

Uwa ta sunkuyar da kai don kunya,
Ɗanta ya kama gyalenta ya ɓoye a baya,
Kafin gobe hoton na hannun kowa.

In talla ake so, a ɗauki kwalaye
Da ma'aikatan kanti a tsaitsaye,
Fuskar mai karɓa ta fi ƙarfin sayarwa.

Hoton yaro sai da yardar waliyyi,
A rubuce, ba don tsoron rashi ya yi,
Ko ya ƙi, rabonsa babu ragewa.

Hajiya Binta

Yaya Mudi, kuɗi sun fi, ban musa ba,
Amma lafiyayyen kaya bai zama laifi ba,
Abin da mai kanti bai sayar ba
Ba duka ne ya tashi daga aiki ba.

Faransa ta kafa doka a 2016:
Kantin da ya wuce murabba'in mita 400 ya yarda
Ya nemi ƙungiya su ƙulla a takarda,
Ya ba ta abincin da ba a saya ba.

An hana shi ɓata mai ciyuwa da gangan,
Abin lura a dokar shi ne wannan:
Duk tsawon shekara yarjejeniyar na nan,
Ba ta ranar biki kaɗai ba.

Kabiru

Iyayena, ku ba ƙaraminku wuri,
Kalmar Hajiya ta ƙarshe zan maimaita.

A satin biki kowa na son ya taimaka,
Masu sa kai har su zarce buƙata.

Mutum 30 a ɗakin da ke ɗaukar 8,
Ma'aikaciyar ƙungiya ta ajiye aikinta,

Tana nuna wa baƙi inda tsintsiya take,
Rabon da aka zo yi kuwa an jinkirta.

Gara a tura su rukuni-rukuni,
Mutum 5 ko 6, awa 3, su fita.

Kamfani ya biya awannin kamar na aiki,
Kar a ci ranar hutun ma'aikata.

A tura kowa inda ya ƙware,
Akawu ga littafi, direba ga mota.

Mai gyaran wuta ya duba musu firji,
Awa 2 nasa sun fi tulin kyauta.

A Amurka tun 2012 akwai GivingTuesday,
Ranar bayarwa da ake yi ran Talata

Mai bin bikin godiyarsu na Nuwamba,
Irin ranar da ninki ke nuna fa'idarta:

Wanda ya ba da 10, kamfani ya ƙara 10,
Har iyakar da aka riga aka rubuta.

Amma wata guda bayan biki a leƙa sito,
Kantoci fayau, layi na nan a ƙofarta.

Don haka in 1,200 aka ware,
A raba shi 12, 100 kowane wata,

Ko rabi a biki, rabi a biyo da shi,
A ba banki umarni, kar a manta.

Ƙungiyar da ta san abin da zai shigo
Za ta ƙulla haya ba fargaba a ranta.

Alhaji Mudi

Kabiru ɗana, ka yi magana,
Bari in rufe littafi da batun biya.

Kwana 30 bayan rufe gangami
Kuɗin su isa, kar a ja tafiya.

Ta banki a tura, ba hannu da hannu ba,
A karɓi rasit mai hatimin ƙungiya.

In kaya ne, a jera su a takarda,
Adadi da ƙima, kowa kwafi ɗaya.

Ragin haraji kowace ƙasa da dokarta,
Kar a kintata, akawu za a tambaya.

A ƙofar da aka manna alkawari
A manna abin da ya taru da gaskiya,

Na masu saye daban, na kamfani daban,
Kar kanti ya ce duka daga aljihunsa ya biya.

Malam Hamisu

Malama Rakiya, tambaya guda ta rage,
Ki amsa mana kafin mu dakata a gyara:

Ƙungiya 10 sun turo takardar roƙo,
Guda zai zaɓa, ko duka zai tattara?

Malama Rakiya

Malam, in kantin ƙarami ne,
Ɗaya ko biyu, iyakarsa ke nan ne,
1,000 a gida 10, 100 ce ke zuwa wa kowa.

Ga rasit 10, ga bincike 10,
Ba wadda ta biya haya, ba wadda ta sami dama,
Aikin takarda ya rinjayi abin bayarwa.

Ma'aikata su zaɓa da ƙuri'a,
A yi alkawarin shekara 3 gaban jama'a,
Duk shekara a zauna don dubawa.

Sauran 8 ko 9 kar a yi musu shiru,
A rubuta musu amsa kafin kwanaki su taru,
Su nemi wata ƙofa tun da sauran lokacin nemowa.