Haɗa ruwan wanke fim a gida: me zan kiyaye?

Ɗalibin Zane, Samaru:
Assalamu alaikum. Na samo garin metol, haidirokwinon da sodiyam salfait, ina son haɗa D-76 lita 1 don wanke fim baƙi da fari. Boras ne ban samu ba. Zan iya sa sodar masu sabulu ko kanwa a madadinsa? Ɗaki ɗaya nake haya, kuma akwai yara a gidan.

Mai Hoto, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sa ko ɗaya. Boras giram 2 kacal ake sawa, aikinsa ya riƙe ruwan da sauƙin kaifi, wato ƙarfi irin na kanwa da soda. Sodar sabulu za ta kai kaifin ƙololuwa, fim ya yi hazo, fatarsa ta yi laushi har ta saɓule. Ita kanta tana ƙona fata, tana zafafa ruwa nan take, tana kuma cin kwanon alminiyam. Kanwa kuwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga yashi a ciki.

Tunda babu boras, haɗa D-23, wani ruwan wanke fim da ba ya buƙatarsa: metol giram 7.5 da salfait giram 100. Zuba ruwa mililita 750 mai ɗumin digiri 50 a jug na roba ko gilas. Fara jefa ɗan salfait kamar bakin ƙaramin cokali ya kare metol daga iska, sai metol, ka juya har ya narke sarai, sannan sauran salfait kaɗan-kaɗan. In ka juye salfait duka da farko, metol zai ƙi narkewa, ya yi ta yawo a sama. Cika da ruwan sanyi zuwa lita 1, ka bari ya huce zuwa digiri 20.

Malama Mai Sinadarai, Tudun Wada:
Baba ya gama maganar haɗi. Ni abin da ya fi damuna lokacin awo ne, domin garin ya fi ruwan haɗari. Ƙanena, kashe fanka kafin ka buɗe leda, kuma kada ka auna a tsakar gida lokacin hunturu, iska za ta watsa maka shi a ido da hanci. Buɗe taga, sa takunkumi mai tace ƙura da tabarau mai rufe gefe. Ka kai cokalin kusa da ruwan kafin ka zuba.

Metol yana jawo borin fata: ƙaiƙayi, ƙuraje, tsagewar yatsu. Ba lallai ya nuna ranar farko ba, amma in jiki ya kama, ko ɗan ɗigo yana tayar da shi, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Sa safar hannu ta naitiril. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15, sannan a tafi asibiti da ledar da ke ɗauke da sunan sinadarin.

Kada binega mai ƙarfi ko wani asid ya haɗu da garin salfait ko fiksa, wato ruwan da ke tabbatar da hoto a jikin fim bayan an wanke. Iskar salfa ce ke tashi, mai shaƙe maƙogwaro, ta fi tsanani ga mai asma.

Mai Hoto, Sabon Gari:
Gaskiya ne, Malama. Sai batun yaran nan. Don Allah kada ka zuba a gorar lemo ko ta ruwan sha, sabon D-23 fari ne tas kamar ruwa. Nemi kwalba mai duhu, cika ta har wuya, rubuta suna da kwanan wata, ka kulle a akwati. Cokali da jug ɗin sun bar kicin ke nan. Da damina ka ɗaure garin salfait sosai, laima na dunƙule shi ya rage ƙarfi. Tsohon fiksa akwai azurfa a ciki, kada ka zubar kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa kogin Kubanni; tara shi a jarka, ka jefa soson ƙarfe mai laushi, azurfar za ta kwanta a ƙasa cikin 'yan kwanaki.