Shawarwari ga ma'aurata masu zagaya ƙasashe da jakar goyo

Waɗanda suka saba irin wannan tafiya sun fi jan hankali a kan nauyin kaya. Jaka mai lita 40 ta ishi mutum ɗaya, kuma a yi ƙoƙari kada ta wuce kilo 7, domin jirage da yawa iyakar abin da suke bari a shiga da shi ke nan. Kaya masu nauyi a sa su a tsakiya, su jingina da gadon baya, sannan a ɗaure ɗamarar jakar a ƙugu tam. In ba haka ba kafaɗu ne za su ɗauki nauyin, kafin la'asar wuya ya sage.

Babban kuskuren ma'aurata shi ne tara komai a hannun mutum ɗaya. Kuɗi, katin banki, magunguna da kwafin fasfo a raba su gida biyu, don ko an sace jaka ɗaya tafiya ba za ta tsaya ba.

Masu nufin ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, su lura: iyakar zaman baƙo kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin na yankin ne gaba ɗaya. Tsallakawa daga Faransa zuwa Italiya ba ya sabunta shi. Mai neman biza sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, fasfonsa kuma ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar fita daga yankin.

Sai batun masauki. A ɗakin haɗaka, inda baƙi da yawa ke kwana tare, kuɗin kowane gado ake biya, saboda haka mutum biyu su fara tambayar farashin ɗakin kansu, sau da yawa bambancin kaɗan ne. Batirin cajin waya kuwa a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan da ake aunawa ba.