Yadda dattawa za su kauce wa faɗuwa: abin da aka tattauna a Tudun Wada

A zaman da wasu mazauna Tudun Wadan Zariya suka yi kan iyayensu masu zaman kansu, banɗaki aka fi daɗewa a kai. Siminti ya jiƙe da ruwan buta, ga silifas mai santsi, ga duhun asuba idan an ɗauke wuta. Shawarar ita ce a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye kujerar wanka, tocila kuma ta kwana kusa da shimfiɗa. Tabarmar da bakinta ya naɗe a ɗauke ta daga hanya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce maganin hawan jini da na barci kan sa jiri, don haka Baba ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. Idan jirin ya yawaita, a koma wa likita, kada a daina maganin da ka. A duba ido ma, saboda yanar ido.

An yi saɓani kan hana tsoho fita. Ni dai ina tare da masu cewa zama wuri ɗaya ke kashe ƙafa. A bar shi ya taka zuwa masallaci da sandarsa, da damina jika ya raka shi.