Neman shawara: goggona 'yar Banki ba ta da takarda ko ɗaya

Slm 'yan uwa, dan Allah ku bani shawara. Ni mazaunin Mora ne a arewacin Kamaru. Ƙanwar babana aure ya kaita Banki a Najeriya, mu kuma lokacin muna Amchide a ɓangaren Kamaru, wanda ya san wajen ya san gari ɗaya ne iyaka ta raba, da ƙafa muke zuwa gidanta cin tuwo. Da Boko Haram suka tarwatsa mu a 2014 tare muka gudo, hanya ɗaya, amma ni ana kirana wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa ita kuma baƙuwa ce tunda katin Najeriya gareta, shima ya ƙone. Mijin bai fito ba, Allah ya jiƙansa. Tun lokacin tana ɗakin bayan gidana da yara uku, ko Marwa bata iya zuwa asibiti saboda shingen bincike, ƙaramin kuma a nan ta haife shi ba takardar haihuwa. Yanzu ta dage wai Banki za ta koma. In barta ko in kaita sansanin 'yan gudun hijira na Minawao?

Ɗan Mokolo: Wslm. Malam kayi sakaci wlh, shekara nawa ba rajista? Ka fara zuwa ofishin HCR (hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya) na Marwa ka faɗa musu komai kar ka ɓoye. Minawao tun 2013 aka buɗe shi, akwai makaranta da asibiti amma kar a ruɗe ka, abincin da PAM (hukumar abinci ta duniya) ke rabawa ya ragu sosai, mata itace suke fita nema nesa.

Uwar Biyu Kusiri: Ɗana ka zauna da goggonka ka ji me ke ranta tukuna, mai shekaru irin nata gida take so, ba a raba ta da kabarin 'yan uwanta da baki. Ni dai roƙona kar ta bi ta daji ita kaɗai da yara. Akwai yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da HCR suka sa wa hannu a Maris 2017, sai wanda ya yarda da kansa ake mayarwa, kuma a 2021 an kwashi mutane da motoci zuwa Banki da Bama. In ta bi wannan hanyar sunanta na rubuce. Kuma kafin nan ta kira wanda ya riga ya koma ta tambaye shi ko ana fita gona, ko kuwa iyakarsu ramin tsaro da ya zagaye gari.

Bulaman Unguwa: A doka ba a tilasta wa ɗan gudun hijira komawa inda zai halaka, amma mun gani da idonmu, mutanen Rann ta Najeriya da suka tsallako Goura a Kamaru a farkon 2019 basu daɗe ba aka mayar da su. Wanda bashi da kati shi ake fara ɗauka. Yaron kuma tunda lokaci ya wuce sai ta kotu za a samar masa takardar haihuwa, ka nemi shaidu da ungozomar da ta karɓe shi, in babu takardar ba zai zauna jarabawar CEP ta gama firamare ba.

Mai tambaya: Nagode Allah ya saka. Ungozomar tana raye, maƙwabciyarmu ce. Litinin insha Allah zan shiga Marwa, Hajiya kuma daren nan zan zauna da goggo kamar yadda kika ce.